Takalmin Sarkin Fawa

Tunda kai aka ɗora wa nauyin haɗa kan masu sana'a a wannan shiri na gwamnati, gyara zama in ba ka misali, ka riƙe shi guzuri.

An yi wani baduku a wani gari, gwani ne na gaske, sai dai akwai shi da ji da kai. Da gwamnati ta tashi raya sana'ar fata a yankinsu, sai ta gina babbar rumfa, ta zuba kekunan ɗinki masu aiki da lantarki, ta damƙa masa, ta kuma haɗa shi da wata malamar kwalejin fasaha, don a riƙa ɗinka wa 'yan makaranta takalma. Ranar buɗewa aka gayyaci manya da 'yan boko, aka sha lemo aka watse. Ba wanda ya tuna da mahauta, balle majema masu warin bagaruwa. Baduku kuwa baki har kunne, gani yake kakarsa ta yanke saƙa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Takalmi zai fito da kyau kamar ka sace ka gudu, amma kafin sati biyu ya yage a ƙafar mai shi. Masu duba aiki suka mayar da kaya har sau biyu, a na biyun suka ce idan aka yi wata biyu bayan Babbar Sallah ba a ga gyara ba, za a kwashe kekunan a kai wani gari. Hankalin baduku ya tashi matuƙa, don mutum ashirin ke cin abinci a rumfar nan, ga kuma sunan gidansu da ya gaji dukanci kaka da kakanni zai zube a hannunsa. Ya zargi zare, ya zargi allura, har keken bai tsira ba. Ita dai malamar ba ta yi musu da shi ba, ta ɗauki fata guda ta ɗaga saitin rana, ta ce ya duba. Sai ga bayan fatar duk shatin wuƙa, wani wurin ya yi sirara kamar ɓawon albasa. Ashe ciwon tun daga mayanka ya taso, wurin fiɗa.

To, da wane baki zai tunkari Sarkin Fawa, mutumin da bai gayyata buɗe rumfa ba, kuma wanda ba a isa a koya masa riƙon wuƙa ba? Ya yi ta juya abin har dabara ta faɗo masa. Ya je wurin majemi ya roƙi a ware masa fatar da Sarkin Fawa ya feɗe da hannunsa, ya zauna ya tsara takalmi sau-ciki, ya ƙure masa ado, ya aika masa kyauta haɗe da goro. Sarkin Fawa ya ji daɗi ƙwarai. Ranar Juma'a ya zura abinsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa yana taku ɗai-ɗai don kowa ya gani. Bai kai ƙofar masallaci ba babban yatsansa ya leƙo waje yana gaida jama'a, abokan wasansa kuwa suka samu abin yi. Ana sallame salla ya nufi rumfar baduku, takalmi a hannu, yana huci. Baduku ya tarbe shi da shimfiɗa da ruwan sanyi, sannan ya juyo cikin takalmin ya nuna masa inda ya yage, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗinkina nan bai motsa ba. Wannan kuwa aikin wuƙarka ne."

Sarkin Fawa ya ƙura wa wurin ido, ya gane jan hannunsa, sai ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Ya ce shekara arba'in yana fiɗa, nama ne a gabansa, ba wanda ya taɓa nuna masa inda fata take ƙarewa. Ya ce wuƙarsa mai tsini ce, ta nama, in ana son fata lafiyayya a ba shi wata. Nan take malama ta zana wuƙa mai zagayayyen baki a takarda. Aka kira maƙeri, ya kalli zanen ya ce ƙotar ta yi gajarta, za ta gajiyar da hannu, ya gyara. Majemi ma da aka kira shi ya samu bakin magana, ya ce a daina shanya fata a ƙasa cikin rana, a sa mata gishiri a rataye ta a inuwa. Su biyar suka ɗunguma ofishin shirin da baki ɗaya, gwamnati ta ƙara musu da rumfar shanya da ƙarfen ƙira. Daga nan duk Alhamis suna tare a rumfar baduku, ana shawara ana tsokanar juna.

Da fatun layya suka iso daga wurin majemi, baduku ya ɗaga su saitin rana ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane babu. Daɗi ya kama shi, ya yi ta hamdala, ya hau ɗinki. Masu duba aiki suka ja takalmi, suka murɗa, suka lanƙwasa, ya ƙi yagewa, kekuna suka zauna daram a garin. Takalmin farko Sarkin Fawa aka kai wa, ya taka shi har dunduniya ta cinye, yatsa bai sake leƙowa ba. Yagaggen kuwa shi da kansa ya sa aka rataye shi a ƙofar rumfa, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya nuna masa.

Don haka kafin ka tsaya yabon injuna, fara bincika wa aka manta ba a gayyata ba, ka taka da ƙafarka ka same shi. Ai Hausawa sun riga sun gama magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.