Da'irar Zinariya

"Ku kunna fitilun," in ji jami'in da jam'iyya mai mulki ta turo daga Mosko.

Gobe za a buɗe wasan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, shi ya sa ya zo duba ƙaton ƙyallen da tsohon mai zane ya yi wa bayan dandamali: tafki, daji, da wata da'irar zinariya a sama. A shekarun nan na hana addini, gicciye ɗaya a zane ya isa ya kai mutum kurkuku a Saberiya, kuma kowa ya san a coci tsohon ya koyi aikinsa.

"Baba, wannan zinariyar fa?"

"Rana ce take faɗuwa, Kwamared," in ji tsohon, yana kiransa da laƙabin 'yan jam'iyya.

"Rana ko?" Ya juya wajen mawaƙiyar wasan. "Ke, hau inda za ki tsaya mu gani."

Mawaƙiyar ta hau dandamalin, rungume da 'yar tsanar da za ta zama jaririnta a wasan. Tana tsayawa, da'irar ta zauna daidai bayan kanta, sak yadda ake zana Maryamu da jaririnta a coci, haske kewaye da kanta. Makaɗa suka sunkuyar da kai. Tsohon ya fara tunanin wanda zai riƙa kai wa matarsa itace idan hunturu ya shigo.

Hannun jami'in ya tashi. Ya taɓa goshi, ya sauko ƙirji, saura kafaɗa ya cika alamar gicciye irin ta masu ibada a coci, sai ya farga. Da sauri ya damƙi wuyan kwat ɗinsa ya ja.

"Gidan nan naku akwai sanyi," ya ce. "Ku ci gaba."