Tutar da Ta Yi wa Bango Tsawo

"Ƙawata, ɗan koma baya mana, kin ji? 'Yan jarida sun iso."

Shugabar ƙungiyar ce ke magana, tana murmushi, idonta na kan ƙofa.

Wadda ake wa maganar kuwa ba ta magana da baki, allon kwamfutar hannunta ne bakinta. Wata uku ta kwashe tana danna harafi ɗaya-ɗaya, har ta tsara wa ƙungiyarsu ta masu larurar otizim, wato galahanga, a birnin Leeds tutarsu: rawaya a sama don masu iya riƙe kansu, kore don masu buƙatar taimako jifa-jifa, shuɗi a ƙasa don irinta, waɗanda ake yi wa wanka, ake ba su abinci a baki.

"Dukanmu ɗaya ne," in ji shugabar ranar da ta ga zanen, har da ƙwalla.

Yau gurnanin da take yi in murna ta cika ta ya yi wa taron ƙaddamar da tutar yawa. Yayarta ta ja ta zuwa kujerar ƙarshe.

Aka yaye labule. Kowa ya kaɗa hannuwa a sama maimakon tafi, kada ƙara ta dami wani. Ta ɗaga kai.

Ashe tutar ta yi wa bangon tsawo. Sai suka naɗe ƙasanta ta baya, suka soke da allura.

Rawaya da kore kawai.