Dadarki Tana Mubi

Nahla tana da shekara shida lokacin da aka sauke ta a ƙofar gidan Na'inna a unguwar Rumde da ke Jimeta, ƙafafunta sun kumbura, takalmi ɗaya a hannunta. A shekarar ne 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi, mutane suka watse cikin daji. An kashe mahaifinta a kasuwa. Mahaifiyarta Zulaihatu, ƙanwar Na'inna, ta faɗi a hanya tana gudu, 'yan gudun hijira suka rufe ta a gefen gona yarinyar tana barci a bayan wata maƙwabciya.

Da ta farka sosai, tambayarta ɗaya ce, da sunayen Fulatanci na gidansu, inda ake kiran yayar uwa Yapendo, uwa kuma Dada. "Yapendo, ina Dada?"

Na'inna mace ce mai tausayi, amma irin tausayin da ba ya iya kallon hawaye. A gidansu kuma an tashe su a kan cewa haƙuri shi ne a haɗiye, ba a ambaton mamaci a gaban yaro. Ta shafa kan yarinyar ta ce, "Dadarki tana Mubi, ta tsaya kwashe kaya. Za ta zo." Ta kuma ja kunnen kowa a gidan kada wanda ya ce uffan.

Ku da kuke karantawa, kada ku yi saurin zaginta. Da yawanmu mun taɓa yi wa yaro irin wannan ƙarya muka kira ta rarrashi.

Aka sa Nahla firamare, kanta kuwa yana ja. Sai dai da an kaɗa ƙararrawar tara sai a neme ta a rasa. Malamarta, Malama Debbie, ta bi sawunta wata rana, ta same ta tsaye kusa da gadar Binuwai tana leƙa kowace motar da ta ƙetaro daga wajen Girei, hanyar Mubi. Da yamma malamar ta zo gida.

"Hajiya, yarinyan nan yana jiran mamanta ne. Ku gaya mata gaskiya, mu zauna da ita tare. Zan taimaka."

"Malama, mu ba ma haka," in ji Na'inna. "In ta girma za ta gane da kanta."

Tana aji huɗu Nahla ta ce ta daina zuwa makaranta, kada Dada ta iso ta tarar ba ta nan. Na'inna ta yi ɗan faɗa na kwana biyu, sannan ta ƙyale. Dama ga wanke-wanke, ga tuyar ƙosai, hannu ba ya yawa.

Daga nan gidan ya soma sauyawa. Kullum da rana Nahla takan zuba abinci a kwano na dabam ta rufe, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta zauna a gefe ta bar tsakiyar fili. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da unguwa take yin tsit, Na'inna takan jiyo muryarta ƙasa-ƙasa. Takan yi magana, ta yi shiru kamar mai sauraron amsa, sannan ta gyaɗa kai. Wata rana Na'inna ta zo wucewa ta kan tabarmar, yarinyar ta riƙe mata zane ta ce, "Yapendo, zagaya. Wurinta ne." Na'inna ta zagaya ɗin kuwa.

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Maƙwabta suka ce iska ce, aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka yi tofi a ruwa. An yi komai ban da zama a gaban yarinyar a faɗa mata kalma uku: Dadarki ta rasu.

Shekararta goma sha uku, wata safiyar Laraba, aka aike ta niƙa ba ta dawo ba. An zagaye Jimeta, an je sansanin 'yan gudun hijira na Damare, an kai cigiya masallatai. A rana ta huɗu wani direba mai suna Bobboyi ya kawo ta. Ta roƙe shi ne a tasha ya kai ta Mubi. Can ta yi ta tambaya har ta gano tsohon gidansu, kango babu rufi, ciyawa ta cinye ɗakuna. Wata tsohuwa da ta san iyayenta ta leƙo ta katanga, ba ta san an ɓoye komai ba, ta ce mata, "Allah sarki, 'yar marigayiya Zulai ce? Ai shekara bakwai ke nan."

Nahla ta shigo ba kuka, ba gaisuwa. Ta dubi Na'inna ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yapendo, shekara bakwai ina jin haushinta. Na ɗauka ta gudu ta bar ni. Ko sau ɗaya ban yi mata addu'a ba."



Wannan ce magana ta ƙarshe da aka ji daga bakin Nahla. An kai ta asibiti, likita ya ce harshenta lafiya lau, ciwon a zuciya yake, kuma an makara da kawo ta. Yau ta zama budurwa. 'Yan ajinsu suna zana jarrabawar gama sakandare, ita kuwa tana zaune a ɗaki tana kallon bango. Na'inna ce take ba ta abinci a baki, tana kuka tana neman gafara, ba ta san ko ana jin ta ba.

Jama'a, riƙon maraya ba ci da sha kaɗai ba ne. Ku faɗa masa gaskiya cikin taushi, ku bar shi ya yi kukansa a jikinku, ku saurare shi, kuma in ya ce zai bar makaranta ku binciki dalili kafin ku ce to.