Mahaucin da Ya Sauke Tumbi

Kai da kake cewa rage ƙiba ya gagare ka, zauna ka ji. A garinmu an yi wani mahauci, ƙato, wanda tumbinsa kan riga shi shiga zaure. Duk kitsen da bai sayu ba, shi ke soyewa ya cinye, 'yan kasuwa na yi masa kirari yana shafa ciki. Wata rana yana tsakiyar fiɗar sa, jiri ya ɗebe shi, wuƙa ta suɓuce, ƙeyarsa na sara kamar ana buga guduma. A asibiti aka auna, aka ce hawan jini ne. Likitar ta ce, "Baba, kitsen ciki ba kwance yake kawai ba. Yana tsatso wasu abubuwa cikin jini masu sa jijiyoyi kumburi da tauri. In hanya ta ƙuntata, dole zuciya ta tura jini da ƙarfin tsiya. Ga magani, amma in tumbin nan bai sauka ba, ina jiye maka shanyewar ɓarin jiki." Shi da ya sha buɗe cikin raguna ya ga yadda kitse ke lulluɓe zuciya da ƙoda, bai nemi ƙarin bayani ba.

Ya jingine babur, ya koma zuwa mayanka a ƙafa. Da farko sai ya zube a dakalin mutane yana haki. Yana wuni da kitse a hannu, ƙanshin balangu na dukan hancinsa, ba ya kai ko tsoka mai maiƙo baki. Ya rage tuwo, ya rage gishiri, ya kama zogale da rama. Da riguna suka fara yi masa yawa, tsegumi ya tashi: wasu su ce karayar arziki, wasu su ce sammu. Ya ci gaba da harkarsa, bai kuma fasa shan maganinsa ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zagayo, jinin ya sauka ya zauna. Shekarar da muka sauke farali tare, da idona na gan shi yana tura keken tsohuwarsa tsakanin Safa da Marwa. Samari na neman inda za su zauna, shi ko tsayawa bai yi ba, tsohuwar na share hawaye tana sa masa albarka. Ranar na ji daɗin cewa garinmu ɗaya.

Gaskiyar Hausawa: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.