Muryar da ke Cikin Baƙin Akwati

Mai Kunne ya sauke agogon bango saboda ƙas-ƙas ɗinsa, ya kashe fanka, ya zauna cikin zufa a kujerar da ya auna nisanta da lasifikoki da igiya. Bangon falon ma ya lulluɓe shi da labule mai kauri don kada sauti ya dawo, har da 'yar tagar da ake miƙo abinci daga kicin. Abokansa ne suka laƙaba masa sunan, ranar da ya rantse yana jin bambancin sauti tsakanin wayar lasifika ɗaya da wata. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai san zolaya ba ce.

A gabansa akwai akwatuna biyu, baƙi da fari, kowanne bai fi littafi girma ba. Aikinsu ɗaya ne, su karɓi waƙa daga kwamfuta su mayar da ita sautin da lasifika za ta fitar. Mai shagon kayan sauti ne ya ba shi aronsu, kafin ƙarshen mako ya zaɓi ɗaya ya mayar da ɗaya. Ya kuma cika baki a shagon, a gaban mutane, cewa kunnensa zai raba su kamar yadda ake raba tsakuwa da shinkafa.

Ya tsara gwajinsa: baƙi da safe, fari da yamma, waƙa guda tal, wata tsohuwa ta namiji da jita. Matarsa, ma'aikaciyar jinya ce da ke aikin yamma a makon, ita ma an kafa mata doka. In waƙa ta tashi, ba tari, ba takalmi, ba tambayar me za a dafa. Ta ja ƙofar kicin ta bar masa falonsa.

Farin akwati ya yi aikinsa tsaf, ba yabo ba fallasa. Baƙin ne ya zo da abin mamaki. A baiti na biyu, can bayan lasifikar hagu, sai ga wata siririyar muryar mace tana bin mawaƙin a hankali, da ɗan kacau-kacau na ƙarfe a ƙarƙashinta. Shekara da shekaru yana jin waƙar nan bai taɓa jin ta ba. Ya ƙara kasa kunne.

Ya duba bangon tsohon faifan waƙar, babu sunan mace. Ya yanke hukunci cewa an binne baiwar Allah a cikin waƙar ne, sai akwati na ƙwarai ke iya tono ta. Wata rana ta ja baitin, wata rana ta tsallake shi, ya ce ai akwatin ne ke sakin jiki.

Gaskiyar magana, ya kamu. Dattijo da furfurarsa ya koma ɗokin gari ya waye. Suna cin abincin rana ya shaida wa matarsa cewa da ya san inda mai muryar nan take, da ƙafa zai taka ya je ya gaishe ta. Ta dube shi, ta ƙara masa miya.

"Allah ya haɗa fuskokinku," ta ce.

Abu mai daɗi yana son shaida, sai ya gayyaci mai shago. Don kada a samu ko motsin cokali, ya lallaɓi matarsa ta tafi gidan yayarta tun da sassafe. Mai shago ya zauna a kujerar, ya rufe ido. Baiti na biyu ya zo ya wuce, babu kowa. Aka maimaita. Mai Kunne ya sauya waya, ya hure soket, ya matsar da kujera da mutum a kanta. Shiru kake ji.

"Yallaɓai, ko dai kunnen ne ya gaji?" in ji mai shago.

Mari bai kai wannan magana zafi ba. Mai shago ya ce gobe da safe zai zo ya ɗauki ɗaya. Mai Kunne ya wuni ba ya gane komai. Sunansa na neman zubewa, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne tsoron ba zai sake jin ta ba.

Washegari ya kunna baƙin don ban kwana, sai ga ta ta dawo, ta ma fi kullum zaƙi. Daidai nan mai shago ya yi sallama. Mai Kunne ya jawo shi ciki da hannun riga, yatsa a kan leɓe. Mai shago ya kasa kunne, ya zaro ido, ya rantse shi ma ya ji ta, yana ta cizon yatsa da bai tsawwala wa akwatin kuɗi ba.

"Ɗauki farinka ka tafi," in ji Mai Kunne, yana share ƙwalla.

Mai shago ya sunkuya bayan tebur, cikin wayoyin da suka harɗe, ya laluba ya fizge ɗaya. Ashe babbar wayar wutar ce. Fitilun akwatunan suka mutu, mawaƙi da jitarsa suka ɗauke ɗif.

Muryar kuwa ko tuntuɓe ba ta yi ba, ta ƙarasa baitinta daga bayan labule, ta tagar kicin, tana ɗauraye cokula.