Majanyin Humaira

Rufaida ta zazzage akwatinta a tsakar ɗaki, jaririyarta Humaira na tsala kuka. Majanyin ya ɓata. Mahaifiyar Rufaida ce ta saƙa shi da kwarashi a bakin gadon asibiti, watannin da likitoci ke cewa da wuya cikin ya zauna.

Mijinta Uzairu ya leƙo. "Ku mata ba ku san darajar abu ba! Ni da na sha wahalar cikin nan, jiya har rubutu na yi a Fesbuk kan majanyin."

"Kai ka sha wahalar?"

"To wa ke sayo kankana?" Ya miƙa mata waya. "Karanta ki gani."

Ya rubuta cewa majanyin nan ya fi masa zinariya. A ƙasa ga hotonsa a kasuwar Dangora, hannu a ƙirji, babur a bayansa. Rufaida ta buɗa hoton sosai, ta ƙura ido. Akwai akuya ɗaure a kan babur ɗin.

"Baban Humaira, akuyar da ka sayar jiya, da me ka ɗaure ta?"

Uzairu ya sosa ƙeya. "Haba Rufaida, igiya za ta ji mata ciwo. Tsohon ciki gare ta fa!"