Yara Goma Sha Ɗaya

"Wanne ne naki a cikin yaran nan?" ɗan sandan ya tambaye ta.

Babu ko ɗaya. Shekara tara tana koyar da 'yan aji uku a Indiya kafin aikin mijinta ya kawo su Amurka. Wata goma sha huɗu ke nan tana jiran takardar izinin aiki, daga ita sai ƙugin firji. Shi ya sa kullum da safe take fitowa bakin titi, inda yaran unguwa goma sha ɗaya ke jiran motar makaranta, don ta ji hayaniyarsu kawai. Yau ta durƙusa ta ɗaure wa wata mai jar hula igiyar takalmi. Uwar yarinyar ta hango ta ta taga, ta kira 'yan sanda.

Mijin malamar ya sauko a guje, yana ba da haƙuri kamar an kama ta da kayan sata.

"Mene ne aikinta?" Shi aka tambaya, ba ita ba.

"Ba ta aikin komai, yallaɓai."

A kan matakala, suna komawa gida, mijin ya ce mata, "Ki rufa mana asiri. Ƙorafi ɗaya ya isa a watsar da takardunki. Ki kalli talabijin mana."

Washegari ta laɓe bayan labule tana ƙirga su. Goma. Ta sake ƙirgawa. Mai jar hular ba ta zo ba, ga shi jiya ta ji tana tari. Har motar ta tashi tana riƙe da labulen, babu wanda za ta tambaya ya jikin yarinyar.